Tsinken Gashi na Gilashi a Tarihin Ƙasar Sin: Ado, Doka da Camfi

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin tarihi sun saba da auna daula ta hanyar sarakunanta da yaƙoƙinta da harajinta, ba kasafai sukan tsaya su dubi abin da mace ta soka a gashinta ba. A cikin wannan takarda za mu ɗauki ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙananan abubuwa, watau tsinken gilashi wanda matan ƙasar Sin suka daɗe suna ɗaure dogon gashinsu da shi, mu bi diddiginsa tun daga ƙarshen daular Tang (618-907) har zuwa wannan zamani.

Abubuwa biyu ne suka jawo hankalinmu gare shi. Na farko, gilashi abu ne mai saurin karyewa, riƙe gashi kuwa aiki ne na ƙarfi, to me ya kai gilashi ka? Na biyu, manyan littattafan tarihi na fadar Sin sun ambaci wannan ado aƙalla sau uku, kuma kowane karo a babin alamomin bala'i suka sanya shi. Ra'ayin da za mu kare shi ne, gilashi ya shiga gashi ne a madadin duwatsu masu daraja ga matar da talauci ko doka suka hana ta su, sa'an nan hukuncin da marubutan fada suka yanke masa ya fi nuna mana halin marubutan fiye da halin matan.

2.0 Tsinke da matsayinsa a wurin Sinawa

Ya kamata mu fara da daidaita kalmomi, domin abin da muke magana a kai ba shi da takwara sosai a adon Hausawa. A wurinmu kitso ne yake riƙe gashi, tsinken makitsiya kuwa kayan aiki ne, da shi ake tsaga da tsifa, in an gama sai a ajiye shi. Gashin Sinawa miƙaƙƙe ne mai santsi, saboda haka sai an murɗe shi an naɗe shi kamar gammo, sa'an nan a soke shi da tsinke a bar tsinken a ciki. Tsinken iri biyu ne. Akwai mai ƙafa ɗaya, wanda a da can suke kira ji, daga baya suka koma kiransa zan. Akwai kuma mai ƙafa biyu, kamar cokali mai yatsu, wanda suke kira chai.

Wannan al'ada tsohuwa ce ƙwarai. A shekarar 1976 masu tonon kufai suka buɗe kabarin Fu Hao a Anyang, matar wani sarkin daular Shang wadda ta rasu wajen shekara 1200 kafin Miladiyya, suka tarar da tsinkayen gashi na ƙashi kusan 500 a cikin kayan da aka binne ta da su. Tsofaffin littattafan ladubba na Sinawa sun tanadi cewa idan yarinya ta kai shekara 15 akan yi mata bikin soka tsinke, alamar ta isa aure ke nan. Maza ma sukan tara gashi su ɗaure shi a tsakiyar ka, su soke hular girma da tsinke don kada ta faɗi. Shi kuwa mai ƙafa biyu har ya zama alamar alkawari tsakanin masoya, domin idan rabuwa ta zo akan raba shi biyu kowa ya riƙe ƙafa ɗaya, kamar yadda ya zo a shahararriyar waƙar da Bai Juyi ya rubuta a shekarar 806 game da sarki Xuanzong da ƙwarƙwararsa Yang.

Tun da tsinke a fili yake, a bisa kai, inda kowa yake gani, sai abin da aka yi shi da shi ya zama ma'aunin daraja. Talaka nata na ice ne ko gora ko ƙashi, har Sinawa sukan yi wa matar talaka laƙabi da mai tsinken ƙaya. Masu hali nasu na azurfa ne da zinariya da hauren giwa. A saman duka akwai wani dutse mai sulɓi, fari ko kore, wanda suke kira yu, wanda Sinawa suka fifita a kan zinariya kanta.

3.0 Yadda tsinke yake riƙe gashi

Kafin mu fahimci matsalar gilashi, sai mun san inda ƙarfi yake faɗawa a jikin tsinke. Mace takan tattara gashinta ta murɗe shi ya zama kamar igiya, ta naɗe shi a ƙeya ko a tsakiyar ka. Sai ta tsira bakin tsinke a gefen naɗin ta ɗebo ɗan gashi, ta juya tsinken ya kwanta, bakinsa ya bi ta kan fatar kai ya kwaso gashin da ke ƙarƙashi, sa'an nan ya ɓullo ta ɗaya gefen. Da haka tsinke ya ɗinke naɗin da gashin da ke manne da kai. Murɗin yana neman warwarewa, tsinke ya tare shi, wannan jayayyar ita ce take riƙe da kome. Ke nan murɗin ne yake aikin, tsinke sakata ce kurum.

Wurin haɗari shi ne lokacin juya tsinke, domin a nan ne yake lanƙwasuwa. Ice da ƙarfe sukan ɗan ba da kai su koma daidai, gilashi kuwa ba ya yin haka. Yana jure danni ƙwarai, amma ba ya jure ja, kuma duk sandar da aka lanƙwasa gefenta ɗaya jan sa ake yi. Masanin nan na Ingila A. A. Griffith ya nuna a binciken da aka buga a 1921 cewa karyewar gilashi daga 'yan tsage-tsagen da ido ba ya gani take farawa, waɗanda suke a fatarsa. Saboda haka tsinken da ya taɓa faɗuwa ko ya gogu da dutse, ko da ya yi kama da lafiyayye, ajalinsa ya matso.

Wannan ya bayyana mana siffar tsinkayen gilashi. Akan yi su da ɗan kauri, da baki mai dakushi, ba siriri kamar na ƙarfe ba. Mai ƙafa biyu ya fi dacewa da gilashi, domin shi ba a cika juya shi ba, tura shi ake yi a hankali, kuma nauyin gashi yakan rabu a kan ƙafafun biyu. Gilashi yana da nasa alheri. Ba ya tsatsa, ba ya shan ruwa ko mai, ba ya da ƙaiƙayin da zai tsinka gashi. Aibinsa kuwa, ban da karyewa, shi ne nauyi da santsi, wanda ya sa yakan zame daga gashi in naɗin bai yi tsauri ba.

4.0 Shigowar gilashi

Sinawa sun fara yin gilashi nasu na kansu a zamanin da ake kira na Dauloli Masu Yaƙi da Juna, watau daga ƙarni na 5 zuwa na 3 kafin Miladiyya. Binciken sinadarai ya nuna cewa gilashin nasu na farko ya sha bamban da na Masar da na Rum, domin akwai dalma da sinadarin bariyum da yawa a cikinsa. Wannan haɗi yakan ba da gilashi mai nauyi, mai hazo-hazo, wanda haske ba ya ratsa shi sarai. Ba kuskure ba ne, abin da suke nema ke nan, domin so suke ya yi kama da dutsen yu. Mutanen Rum sun nemi gilashi don kofi da kwalba, Sinawa kuwa suna da tangaran da ya wadatar da su ta wannan fuska, sai gilashi ya tsaya a wurinsu a matsayin kwaikwayon dutse mai daraja. Sunan da suka fi kiransa da shi shi ne liuli, kuma muna roƙon masu sauraro su riƙe wannan suna, domin za mu komo kansa.

Dalili na biyu shi ne sauƙin aiki. Sassaƙa tsinke daga dutsen yu aiki ne na kwanaki, domin wuƙa ba ta yanka shi, sai dai a yi ta goga shi da yashi mai kaifi. Maƙerin gilashi kuwa ɗebo narkakken gilashi yake yi a bakin ƙarfe, ya ja shi ya zama sanda, ya yanka gunduwa-gunduwa, ya dunƙule kan kowace ko ya danna mata siffar fure. In mai ƙafa biyu yake so, sai ya lanƙwasa sandar tun tana da zafi. Jan sanda shi ne mafi sauƙin duk ayyukan gilashi, kayan haɗinsa kuma duwatsu ne da gishirin ƙasa masu araha. Da haka matar mai tireda ta sami abin da daga nesa ba a bambanta shi da na matar hakimi. An tono irin waɗannan tsinkaye, shuɗɗa da farare, a kaburburan zamanin daular Song (960-1279) a kudancin Sin.

5.0 Hukuncin marubutan fada

Al'adar Sinawa ce idan daula ta faɗi, wadda ta gaje ta takan naɗa malamai su rubuta tarihinta. A cikin yawancin waɗannan littattafai akwai babi na musamman da ake tara abubuwan al'ajabi, kamar girgizar ƙasa da fari da ambaliya, a fassara su a matsayin gargaɗi ga masu mulki. Tun daga tarihin daular Han aka sanya sabon salon tufafi da ado a cikin wannan babi, da suna fuyao, ma'ana shu'umcin tufafi.

A nan ne muka fara cin karo da tsinken gilashi. Sabon Tarihin Tang, wanda Ouyang Xiu da Song Qi suka jagoranci rubuta shi aka kammala a 1060, ya ce a ƙarshen daular mutane sun rungumi yin tsinkaye da awarwaro na liuli, ya kuma lasafta wannan a cikin alamomin watsewa. Hujjarsa ta lafazi ce. A harshen Sinanci kalmar liuli mai nufin gilashi furucinta ɗaya ne da wata kalmar liuli mai nufin ɗaiɗaicewa da gudun hijira, ko da yake rubutunsu daban. Matan birni suna yawo da gudun hijira a kansu ke nan, ga shi kuwa ɗan tawaye Huang Chao ya ci babban birnin Chang'an a farkon 881, sarki ya gudu, daular ta ƙarasa rushewa a 907.

Tarihin Song, wanda aka kammala a 1345 a ƙarƙashin mulkin Mongol, ya maimaita wannan fassara. Ya ce a 1190 matan unguwanni sun koma ado da liuli, ya jawo hujja daga littafin Tang, ya ƙara da cewa shekarun da suka biyo baya an sha wahalar ƙaura. Ambato na uku ya fi ba da haske. A 1269 ya kawo labarin wani baiti da ya yaɗu, wanda ya haɗa hanin da aka yi a babban birni na ado da lu'ulu'u da gashin wani shuɗin tsuntsu mai kamun kifi, da yadda gilashi ya game ƙasa. Shekara 7 bayan haka, a 1276, birnin Lin'an, watau Hangzhou ta yanzu, ya miƙa wuya ga Mongol, a 1279 kuma daular ta ƙare.

To, a nan akwai abubuwa uku da ya kamata mai nazari ya lura da su. Na farko, waɗannan littattafai an rubuta su ne bayan aukuwar abin, na Tang bayan shekara 153 da faɗuwar daular, na Song bayan shekara 66. Wanda ya riga ya san ƙarshen labari ba ya rasa alamar da zai nuna a farkonsa. Na biyu, labarin 1269 da kansa ya tona asirin lamarin, domin hukuma ce ta hana lu'ulu'u, mata suka bi doka suka koma ga abin da aka bar musu, sai kuma biyayyar tasu ta zama abin zargi. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na uku, musabbabin faɗuwar Song ba ɓoyayye ba ne. A daidai 1269 sojojin Kublai Khan suna kewaye da birnin Xiangyang, makullin kogin Han, wanda ya faɗi a 1273. Baitulmali ya rame, kuɗin takarda ya zube, dokar sayen gonaki da tilas wadda waziri Jia Sidao ya ƙaddamar a 1263 ta ɓata tsakanin fada da masu ƙasa. A ganinmu, yaɗuwar gilashi alama ce ta gaske, amma ta ƙuncin tattalin arziki da kuma bunƙasar kasuwar talakawan birni, waɗanda suka fara neman rabonsu a ado. Kalmar da littafin ya yi amfani da ita a labarin 1190, matan unguwanni, ta nuna inda ƙaiƙayin yake, watau ado ya sauko daga fada zuwa lungu.

6.0 Shaidar kufai

Da camfin ya yi tasiri, da sana'ar ta mutu tare da daular Song. Ƙasa ta ba da shaidar akasin haka. A 1982 aka tono kufan wata masana'antar gilashi a Boshan, cikin lardin Shandong, wadda aka ƙiyasta ta ƙarshen daular Yuan ce zuwa farkon Ming, watau ƙarni na 14. An sami gurbin babbar tanda ta narka gilashi da ƙananan murahu da dama na sarrafa shi, kuma tsinkayen gashi suna cikin manyan kayan da aka tarar, tare da duwatsun wuya da zobba. Wannan tsari na tanda ɗaya mai ciyar da murahu da yawa yana nuna aikin kasuwa ne mai yawa. Gilashin Boshan kuma ya bar tsohon haɗin dalma da bariyum, ya koma na sinadaran fotashiyam da kalshiyam, daga duwatsun yankin.

Wani babban ma'aikacin gwamnati ɗan asalin garin, Sun Tingquan (1613-1674), wanda danginsa masu sana'ar gilashi ne, ya rubuta littafi a kan garinsu a shekarun 1660, ya keɓe babi guda ga gilashi, inda ya bayyana kayan haɗi da yadda ake samun launuka. A 1696 sarki Kangxi ya kafa ma'aikatar gilashi ta fada a Beijing, a ƙarƙashin wani limamin Kirista Bajamushe, Kilian Stumpf. Abin da aka kira shu'umci a da ya zama kayan fada.

7.0 Darasi daga Japan, da dusashewa, da farfaɗowa

Ɗan leƙawa maƙwabciyar Sin zai taimaka mana da tambayar farko, watau yadda abu mai rauni ya yi wannan aiki. A Japan, a zamanin Edo (1603-1868), sana'ar gilashi ta bunƙasa daga tashar Nagasaki zuwa Osaka da Edo, sunan da suka ba shi ma, biidoro, daga harshen Fotugal suka are shi. An yi tsinkayen ado da ake kira kanzashi da shi, har da matajai. Gilashin nasu mai dalma ne da yawa, mai taushi. Amma gyaran gashin matan Edo da mai da kakin shafawa ake ƙarfafa shi, a ɗaure shi tam da zaren takarda, sa'an nan a soka kayan ado. Ke nan zare ne yake ɗauke da nauyi. Muna ganin haka lamarin yake ga yawancin sirara da dogayen tsinkayen gilashi na Sin, masu kauri ne kaɗai za su iya zama sakata su kaɗai.

Abin da camfi ya kasa, canjin zamani ya yi shi. A 1645 daular Qing ta tilasta wa maza aske gaban kai da yin kitso ɗaya a baya, tsinken maza ya rasa wurin zama. A Japan an kafa ƙungiyar yaɗa sauƙaƙan naɗin gashi irin na Turai a 1885. Robar selulod, wadda aka ƙirƙiro a Amurka wajen 1870, ta kawo matajai da tsinkaye marasa nauyi masu arha. Daga shekarun 1920 kuma 'yan mata 'yan makaranta a biranen Sin suka shiga rage gashi, in babu dogon gashi kuwa babu aikin tsinke.

Farfaɗowarsa ta zo ta hanyoyi biyu. Otto Schott na birnin Jena a Jamus ya samar da gilashin borosiliket a ƙarshen ƙarni na 19, kamfanin Corning na Amurka ya fitar da irinsa kasuwa da sunan Pyrex a 1915. Kumburarsa da zafi kusan sulusin ta gilashin kwalba ce, don haka masu sarrafa gilashi a bakin wutar gas suka fi son sa, sukan kuma gasa abin da suka ƙera a zafi wajen digiri 560 su bar shi ya huce a hankali don ya saki taurin da ke cikinsa. Da shi ake yin tsinkayen gilashi da ake ɗaure gashi da su kai tsaye a wannan zamani, ko da yake har yanzu in ya faɗi a kan siminti sai labari. Hanya ta biyu ita ce yunƙurin da matasan Sin suka fara a 2003 na komawa ga tufafin gargajiya, wanda ya dawo da kasuwar zan da chai masu furannin liuli.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa tsinken gilashi ya samu shiga ne saboda kamarsa da dutsen yu da kuma araharsa, cewa siffarsa da yadda ake soka shi sun biyo halin gilashi ne, da kuma cewa marubutan fada sun ɗora masa laifin da na fada ne. Darasin da muke son mahalarta su tafi da shi ya shafi hanyar nazari. Sau da yawa rubutaccen tarihi ba ya ambaton adon mata sai in zai yi faɗa a kansa, don haka wajibi ne a auna maganarsa da shaidar kayan kansu, da ta masu yin su, da ta kasuwa. Mu ma muna da abin da za mu gwada wannan hanya a kansa. Masagan Bida sun daɗe suna narka gilashi suna yin ƙarau da duwatsun wuya, amma gilashinsu a hannu da wuya ya sauka, bai hau ka ba, domin kitso ba ya bukatar sakata. Tarihin ƙarau, da su wa suka sa shi, da abin da aka faɗa a kansu, yana nan yana jiran mai rubuta shi, kuma gara a fara tun masu sana'ar da tsofaffin da suka yi ado da shi suna raye.